Ina Son Zama Lauyan Jirgin Ƙasa, Ga Kuma Layin Ya Bi Ta Gonar Kawuna

Ranka ya daɗe Baba Lauya, barka da aiki. Shekarata huɗu da fitowa daga makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda, kuma tun da na gama bautar ƙasa nake zaune a ofishin wani babban lauya a Kano. Yawancin aikinmu rikicin fili ne da na gado, sai shari'ar zaɓe idan kakarta ta zo. Mahaifina tsohon ma'aikacin reluwe ne, a kwatas ɗinsu na Zariya aka haife ni, kuma tun ina yaro ba abin da nake so irin jirgi. Burina in ƙware a dokar sufurin jirgin ƙasa. Duk ranar da na faɗi haka sai ogana ya yi dariya, wai jirgi nawa ne a ƙasar da har zai ciyar da lauya. Mahaifin yarinyar da zan aura ma haka yake gani. Yanzu wani kamfani da aka ba aikin ƙidaya da ƙiyasin diyya a kan wani sabon layin dogo ya yi mini tayin aiki na shekara biyu, albashin ya ninka wanda nake karɓa sau uku. Matsalar ita ce layin ya ratsa ƙauyenmu, ya ci gonar kawuna da na wasu dangi. Sun riga sun zo gidana da takardunsu a leda, suna cewa tunda ɗansu lauya ne shi zai tsaya musu. Na karɓi takardun, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Abokina ya ce in karɓi aikin, in ya so in taimaki dangi daga ciki. Shin akwai abinci a wannan fanni, ko ogana ne ke da gaskiya? Kuma yaya zan yi da kawuna?

Wani ƙaramin lauya, Kano.

Barista, sannu da ƙoƙari. Tambaya biyu ka yi mini, ka ajiye babbar a ƙarshe kamar mai jin nauyin faɗinta. Da ita zan fara, don ita ce za ta iya cinye maka riga da hula tun kafin ka ga tarago ko ɗaya.

Shawarar abokinka ba shawara ba ce, rami ne aka rufe da tabarma. "Taimako daga ciki" sunansa cin amana, ko da niyyarka fara ce tas. Ka dubi yadda abin zai kasance. Kana zaune a teburin da ake shigar da adadin itatuwan kawunka, kai ne kuma mai duba takardar kafin a sa hannu. Idan kuɗinsa ya fito da kauri, ranar da aka zo bincike za a ce lauyan kamfani ne ya yi wa ɗan'uwansa aringizo. Idan ya fito da rama, a ƙauye za a ce an saye ka da albashi, kuma wannan magana za ta bi ka har wurin jana'iza da ɗaurin aure. Ba a tauna taura biyu. Ƙa'idojin aikinmu ma sun hana lauya ya tsaya wa ɓangarori biyu masu jan igiya ɗaya, kuma kwamitin ladabtar da lauyoyi yana da ikon soke sunan mutum daga rajista. Ba sai wani baƙo ya kai ƙorafinka ba. Wani daga cikin dangin, wanda yake ganin an fifita gonar kawu a kan tasa, shi zai rubuta.

Ledar takardun nan kuma kada ka raina ta. Ka karɓa, ka buɗe, ka ji abin da suka faɗa maka a ɗaki. A wurinsu ka riga ka zama lauyansu, shirun da ka yi ma alkawari suka ɗauke shi. A wurin doka kuma sirrin da ka ji ya hau wuyanka ko ba a biya ka sisi ba. Don haka wannan ba maganar da za a bari sai bayan salla ba ce. Cikin makon nan za ka yanke.

To, mu koma ga dariyar oganka. Yana da rabin gaskiya, kuma rabin nan ba ƙarami ba ne. Jirgi ya iso Kano a 1911, Turawa suna tsammanin auduga zai riƙa kwasa, sai gyaɗa ta cika taragu. Layi ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Daga nan sai aka yi ta ja da baya, har tashoshi suka zama wurin shanyar barkono da kiwon awaki. Mahaifinka ya fi ni sanin wannan, da idonsa ya gani. A yau manyan layukan zamani da ke ɗaukar fasinja tsakanin garuruwa uku ne: Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186 da aka buɗe a 2016, Warri zuwa Itakpe a 2020, sai Legas zuwa Ibadan a 2021. Wanda ya kafa allo a ƙofar ofis ya rubuta "lauyan jirgin ƙasa" ya zauna jiran mai ƙara, zai ga wata ya fita wata ya tsaya ba wanda ya yi sallama sai mai karɓar haya.

Inda oganka ya kuskure shi ne yana ƙirga jirage, alhali aikin lauya ba a cikin jirgi yake ba, a gefen layi yake. Abin da kake kira dokar jirgin ƙasa ba ɗaki guda ba ne da za ka shiga ka rufe ƙofa. Dokar ƙasa ce, da ta kwangila, da ta dakon kaya, da ta rauni da diyya, da ta ƙwadago, suka haɗu a kan ƙarfe biyu. Kuma mafi yawan wannan aiki yana tasowa ne tun jirgi bai fara tafiya ba. An ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. A shekarar aka ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano. Ka ƙiyasta gonaki nawa, gidaje nawa, maƙabartu da burtali da rijiyoyi nawa ke kwance a kan hanya irin wannan. Shekarun da ka yi kana rikicin fili a ofishin oganka, kana ganin kamar ɓata lokaci ne, su ne jarinka.

Ka san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, amma bari in tuna maka wurin da take ciwo, don shi ne kawunka bai sani ba. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, kuma idan Gwamnatin Tarayya ce ke buƙata, ta hannun gwamnan ake bi. Sashe na 29 kuma ya faɗi abin da ake biya: gini da sauran abin da mutum ya kafa, da amfanin gona. Ita ƙasar kanta, tsurarta, ba a saye ta, sai dai a mayar wa mutum kuɗin hayar da ya biya gwamnati a shekarar, in ya biya. Manomin ƙauye kuwa ba ya biyan wannan haya. Ma'ana, mutumin da ya gaji eka biyar daga kakansa, yake ci da iyalinsa daga cikinta, abin da doka ta ce a lissafa masa shi ne gero da wake na damina ɗaya da itatuwan da ke tsaye. Ranar da ka fassara wa kawu wannan da Hausa, ka tabbata yana zaune.

Na taɓa tsayawa a irin wannan ƙidaya, a wani aikin gwamnati da ba na jirgi ba, kuma abin da na gani ya fi duk abin da na karanta. An zo da rani, gona fayau, ba kara ba ganye. Wani yaro mai riƙe da allon rubutu yana tafe yana ƙirgawa, dagaci na biye, mai gonar dattijo ne yana jan sanda. Aka ƙirga mangwaro uku, aka rubuta. Aka wuce ɗorawa biyu da kuka ɗaya da tsamiya, yaron bai ko ɗaga kai ba, don a ganinsa itacen daji ne, ba wanda ya dasa. Dattijon bai ce komai ba, kunya ta hana shi ja da baƙo a gaban dagaci. Alhali daga kalwar ɗorawar nan matarsa take yin daddawar da take kai wa kasuwa duk mako. Aka tsayar da shi riƙe da allo mai lamba, aka ɗauki hoto, aka dangwala masa yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Duk abin bai kai minti goma ba. Bayan wata takwas da kuɗi suka fito ya zo yana rantsuwa, amma takardar da ya dangwala ta ce itace uku ne. A minti goman nan shari'arsa ta ƙare, ba a kotu ba. Da akwai wanda ya tsaya kusa da shi ya ce, "Malam, dawo, ga ɗorawa, ga kuka, a rubuta, a kuma ba shi kwafi," da ya fi masa babban lauya mai lambar SAN amfani.

Kotu tana nan, ban ce babu ba. Sashe na 47 na dokar 1978 ya yi yunƙurin hana kotu duba yawan diyya, amma sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka karɓe wa dukiya damar zuwa kotu kan haƙƙinsa da kuma adadin abin da za a biya shi, kuma tun a shari'ar wani mutum mai suna Kanada da Gwamnan Jihar Kaduna ta 1986 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rinjayar da tsarin mulki a kan wannan sashe. Akwai kuma maganar sanarwa: kotuna sun sha rushe karɓar fili saboda ba a miƙa wa mai shi takardar sanarwa yadda doka ta tsara ba. Sai wata ƙofa da lauyoyi da yawa ba sa ƙwanƙwasawa. Manyan ayyuka irin waɗannan da bashi ake yin su, kuma bankunan da ke bin ƙa'idojin Bankin Duniya suna shardanta a biya mutum abin da zai ishe shi ya maye gurbin abin da ya rasa, a yi tsarin sake tsugunar da jama'a a rubuce, a kuma buɗe hanyar kai koke. Wannan ma'auni ya fi na dokar 1978 tausayi nesa ba kusa ba. Ka nemi rahoton nazarin muhalli na aikin, wanda dokar 1992 ta wajabta, ka ga abin da aka yi alkawari a ciki. Sau da yawa wasiƙa ɗaya mai nuna shafi da sakin layi tana yin abin da shekara biyar a kotu ba za ta yi ba.

Yanzu ga dokar da za ka haddace idan da gaske kake: dokar da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955. Ta girme ni, ta girmi 'yancin ƙasar, amma har yau tana cizo. Ka buɗe sashe na 83. Ya ce ba a shigar da hukumar ƙara sai an ba ta sanarwa a rubuce wata uku kafin nan, mai ɗauke da dalilin ƙarar, da bayanin abin da ake nema, da sunan mai ƙara da inda yake zaune. Ya kuma ce ƙara kan abin da aka yi, ko aka yi sakacin yi, a bakin aikin hukuma, dole a shigar da ita cikin wata 12. Ka haɗa lissafin da kanka. Wanda ya zo maka bayan wata goma da faruwar abu, in ka ba da sanarwa yau, kafin wata ukun su cika shekara ta wuce.

Irin wannan tarko ya taɓa kama ni, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya. Ina shekara ta uku da fara aiki, wani ɗan kasuwa ya kawo mini ƙara kan wata hukumar gwamnati, ba ta jirgi ba, wadda dokarta ke da sharaɗin sanarwa irin wannan. Hujjarmu kamar rana, rasit da shaidu duk a hannu. Na yi kwana uku ina gyara takardun ƙara, ina jin kaina. Ranar farko a kotu lauyan hukumar, wani dattijo mai tsohuwar riga da ta koɗe, ya miƙe a hankali, bai taɓa maganar rasit ba. Ya ce yana neman a nuna masa sanarwar da aka ba waɗanda yake wakilta. Na shiga juya fayil kamar za ta tsiro a ciki. Aka kori ƙarar. Kafin in sake shiri wa'adi ya cika. Ɗan kasuwar bai zage ni ba, ya ce Allah bai yi rabonsa ba ne, kuma wannan ya fi zagi zafi. Tun daga ranar, duk ƙarar da ta shafi hukuma, kafin in ji labari sai na tambayi kwanan wata.

Ka ƙara da sanin wace kotu ce ke da hurumi, don a nan ma ƙararraki ke mutuwa da ƙuruciya. Ganin sunan hukumar tarayya ba ya nufin a ruga Babbar Kotun Tarayya. Kotun Ƙoli ta sha faɗin cewa rikicin kwangila tsagwaronsa da rikicin mallakar fili na babbar kotun jiha ne. Maganar ma'aikaci da albashinsa da fanshonsa kuma ta Kotun Ma'aikata ce, bisa sashe na 254C na tsarin mulki. In ka yi nasara ma da sauran rina a kaba, don karɓo kuɗi daga asusun hukuma wata shari'ar ce mai zaman kanta.

Abin da ya sa nake ganin zamaninka ya fi namu shi ne abin da ya faru a watan Maris na 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya cire harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya mayar da ita cikin waɗanda jihohi ma za su iya yi wa doka. Legas ta riga kowa, jirginta na cikin gari ya fara ɗaukar fasinja a shekarar. Dokar 1955 kuwa an rubuta ta ne a kan cewa hukuma ɗaya ce mai layi, mai jirgi, mai sa ido, har ta hana wani gina layin ɗaukar jama'a ko kaya ba da yardarta ba. Tsohuwar riga ce a jikin yaron da ya girma. Duk jihar da ta tashi yin jirgi sai ta buƙaci wanda zai rubuta mata doka, ya tsara hukumar da za ta kula, ya fayyace inda ikonta ya tsaya idan layinta ya haɗu da na tarayya. Lauyoyin Arewa da suka zauna suka karanci wannan ba su da yawa. Ka rubuta muƙala mai kyau guda ɗaya a kai, ka gabatar a taron reshen ƙungiyar lauyoyi na Kano. Talla ta kai tsaye an taƙaita mana ita, amma ba wanda ya hana lauya a san shi da ilimi.

Kuɗi masu nauyi suna wurin kwangila, kuma gara in gaya maka gaskiya, yawancinsu a manyan ofisoshin Legas da Abuja suke tsayawa. Can ake maganar yarjejeniyar bashi, kamar dala miliyan 500 da bankin Exim na Sin ya bayar a layin Abuja zuwa Kaduna, da jinginar da aiki ga 'yan kasuwa a ƙarƙashin dokar ICRC, hukumar da ke kula da irin wannan jingina, ta 2005, da dokar ba da kwangila ta 2007. Rikicin waɗannan ba ya zuwa gaban alƙali sosai, a teburin masu sasanci ake kashe shi, don haka ka karanci sabuwar dokar sasanci ta 2023, ka nemi horo a kai, ka saba da tsarin kwangilar gini na ƙasa da ƙasa da ake kira FIDIC. Ba za a kira ka kan babbar kwangila bana ko baɗi ba. Amma a ƙarƙashin kowane babban ɗan kwangila akwai masu kawo tsakuwa da yashi da masu hayar tifa, 'yan garinmu, waɗanda ke shiga aikin miliyoyi da musabaha da "Allah ya sa albarka", sai an riƙe musu kuɗi su fara neman lauya. Waɗannan suna bakin ƙofarka.

Sai dakon kaya, wanda shi ne asalin abincin jirgi a ko'ina, ba fasinja ba. An buɗe tashar tsandauri, wato tashar sauke kwantena a kan tudu, ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. Tsohon layi faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, sabon kuwa milimita 1,435, taragon wannan ba ya hawa wancan. Ke nan kwantena ɗaya za ta iya sauka daga jirgin ruwa, ta hau jirgin ƙasa, ta koma bayan tirela kafin ta iso kasuwar Kwari ko ta Singa. In aka buɗe aka tarar da kaya sun jiƙe, a hannun wa suka jiƙe, kuma takardar wa ke magana? Wanda ya iya amsa wannan ba zai rasa Alhazan da za su neme shi ba. In kuma layi ya kai Maraɗi, ka tsallaka wata duniyar doka, don Nijar tana cikin tsarin dokokin kasuwanci na OHADA, da Faransanci ake rubuta su, babbar kotunsu tana Abijan. Ka ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka yi ta ruɓewa a kan hanya. Lauyan da ke jin Hausa da Turanci da Faransanci a tsakanin Kano da Maraɗi ba zai yi gasa da kowa ba. Da ni ne kai, da kuɗin da zan kashe a neman wani digiri na fara zuba shi a ajin Faransanci.

Haɗari da rauni ba na so ka gina rayuwarka a kansu, amma za su zo. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya tsayar da zirga-zirga har Disamba, ya tayar da tambayoyin da lauya ne zai amsa su: mene ne nauyin mai ɗaukar fasinja, me tikiti ya ƙunsa, ina inshora ta tsaya. Ga masu mota a mahaɗar titi da layi, ga shanu, ga 'yan kasuwar da suka baje a kan dogo. Tun dokar 2022 hukumar binciken haɗurra ta NSIB ta haɗa da na jirgin ƙasa, sai dai bincikenta na gano musabbabi ne, ba na ɗora laifi ba, don haka kada ka zaci rahotonta zai yi maka aikinka.

To, me za ka yi? Ra'ayina, kada ka karɓi aikin. Na san abin da albashi ninki uku yake nufi ga mai haɗa lefe, ban manta ba. Amma aikin shekara biyu ne, kuma lauyan masu ƙidaya galibi shaidar sa hannu yake yi, yana cike fom iri ɗaya sau dubu. Ranar da aka gama biya an gama da kai, ka saki reshe ka kama ganye, kujerarka a ofishin oga kuma wani ya hau. Shari'ar ƙauyenku kuwa, in ka riƙe ta da kyau, za ta koya maka ƙiyasi, da karatun taswirar safiyo, da zama da jami'an ƙasa, da rubuta koke, kuma ƙauyukan da ke gaba a kan layin za su ji labari ba tare da ka aika ba.

Amma da sharaɗi. Ka shigar da ita ta ofis, da sanin oganka, fayil da lamba, kada ta zama aikin bayan la'asar. Shi mai dariyar, in ya ga mutum talatin a takarda ɗaya zai daina. Ka rubuta yarjejeniya da dangi, ko kyauta za ka yi, a faɗi abin da za ka yi da abin da ba ka yi alkawari ba, a karanta musu da Hausa a gaban shaidu. Ka binciki kowace gona: ta wa ce, an raba gadon ko ba a raba ba, akwai mata da marayu a ciki, wa ke nomawa da aro ko jingina. Kuɗin diyya na tono rigimar da ta yi shekara talatin a binne, kuma goggon da aka manta da rabonta ita ma danginka ce. Kowa kuɗinsa ya shiga asusunsa, kada sisi ya kwana a hannunka, kada kuma ka yarda da ɗan tsakiyar da zai ce a ba shi kaso don ya san mutane. Ka hana su kafa gini ko dasa itace da dare bayan an yi ƙidaya, ka hana matasa tare hanyar ma'aikata, don da zarar an kama mutum ɗaya magana ta tashi daga diyya ta koma beli.

In kuwa ka auna ka ga halin gida ba zai bari ka ƙi albashin ba, ba zan ce ka yi laifi ba. Sai ka mayar wa kawu ledarsa hannu da hannu, ba ta aike ba, ka haɗa shi da lauyan da ka yarda da shi, ka rubuta wa kamfanin cewa danginka suna kan layin, ka nemi a kai ka wani yanki. In sun ƙi, sun ba ka amsa. Shi kuwa surukinka, ba sai ka ce masa lauyan jirgi ba. Ka ce kana aikin filaye da diyya, gaskiya ce, kuma ita ce yaren da zai ji.

Ka gaishe mini da Baba. Kuma ka daina kallonsa a matsayin mai ba da labarin da, don a shari'ar haɗari ko ta ɓatan kaya wanda ya san yadda ake ba jirgi hanya, da wanda ke riƙe da littafin tasha, da abin da ake rubutawa a takardar kaya, shi ne shaidan da lauya ke yawon nema. Irinsu suna nan a Zariya suna zaman jiran fansho, ga kuma cibiyar NITT a garin, inda ake ba da gajerun kwasa-kwasan sufuri. Ranar Asabar ka je gida da littafi da biro, ka ce ya fara maka daga yadda ake karɓar kaya a tasha har a miƙa su ga mai su, da wanda ke sa hannu a kowane mataki.